Fuskar Mama Cikin Rabin Daƙiƙa

Minti goma sha ɗaya kwamfutar shagonmu ke ɗauka kafin ta juya launin babban hoto guda daga yadda allo ke nuna shi zuwa yadda injin bugu zai gane. Na san adadin ne domin a cikinsa na girma. Yaya yakan danna maɓalli, ya tafi ya ɗora ruwan shayi, ya dawo ya tarar da sandar nan mai rarrafe a allo, mai nuna inda aikin ya kai, ba ta kai rabi ba. Kawu mai yankan takarda yakan yi gyangyaɗi a kan kujerarsa, ya farka daidai lokacin da ta cika, kamar an taɓa shi.

Abin da ke cin lokacin ba ɓoyayye ba ne. Allo da haske yake yin launi, ja da kore da shuɗi. Inji kuwa tawada huɗu yake zubawa a takarda. Kowane ɗigo na hoto sai an yi masa lissafi a gano tawada nawa za ta ba da launinsa, kuma manyan hotunan da muke bugawa na bango suna da ɗigo miliyan tamanin.

Bayan lissafin sai a fitar da ƙaramin bugun gwaji, a kai wa Baba. Shi ne mai shagon, shi ne kuma idonsa. Yakan sa takardar a akwatin haske, ya ɗan karkata kai, ya ƙura mata ido. In ya gamsu, sai ya juya bayanta ya sa hannu da koren biro. In babu koren sa hannu, inji ba ya motsi, ko da mai aikin yana tsaye a ƙofa yana huci. Yaya ya shekara ashirin a kan injin nan bai taɓa riƙe biron ba. Ni na taɓa riƙe shi sau ɗaya, ina da shekara shida, na zana kyanwa a bango, kuma har yau in an taru sai an ba da labarin fuskar da Baba ya yi.

To, ni wannan biron nake so, ba zan ɓoye ba. Tun kafin in tafi karatun kwamfuta nake sonsa, na dawo kuma son ya ƙaru.

Ranar wata Litinin Baba ya tara mu ya ce likita ya sa masa rana, Litinin mai zuwa za a cire masa yanar ido, kuma sai ya huta sati shida. Saboda haka za a rufe aikin launi gaba ɗaya har ya dawo. Baƙi da fari kawai za a riƙa bugawa.

Na ce, “Baba, ka ba ni biron mana.”

Kawu ya ƙware da shayi. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Auta, biro ba a bayarwa don an roƙa. Ki kawo mini bugun da zan kasa bambanta shi da nawa kafin a tashi aiki ranar Asabar. In kin yi, naki ne.”

Ya faɗa ne yana murmushi, irin na wanda ya tabbata ba za a yi ba. Kuma yana da hujja. Ni ba ni da idonsa. Abin da yake gani a gwaji ɗaya, ni sai na yi ashirin kafin in gano. Ashirin sau minti goma sha ɗaya, ai rana ta tafi a kan hoto guda. In zan kamo Baba, dole sandar nan ta daina rarrafe.

Abin da bai sani ba, na kusa wata guda ina ƙulla wani abu a ɓoye. Yaya, mutum mai ’ya’ya uku da furfura a gemu, yana da katin girafik a kwamfutarsa ta gida, wanda ya saya don wasan tseren motoci. Na daɗe ina kallon katin nan ina jin takaici. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tela ce ƙwararriya, amma ita kaɗai ce, ɗigo ɗaya bayan ɗaya take bi. Katin girafik kuwa dubban masu ɗinka maɓalli ne a ɗaki guda, ba su iya komai mai wuya ba, amma duk tare suke aiki. Dabarar ita ce in sa furosesa ta yi lissafin mai wuya sau ɗaya tak, ta zuba amsoshin a jadawali mai siffar akwati, gida talatin da uku a tsawo, haka a faɗi, haka a zurfi. Daga nan kowane ɗigo ya zo, ma’aikacinsa ya leƙa gidajen da suka fi kusa da launinsa, ya ɗauki tsakatsaki, shi ke nan.

Ranar Talata na je gidan Yaya na kwance katin. Matarsa ce ma ta miƙo mini sukuddireba, tana sa mini albarka.

Laraba da hantsi na gama haɗawa. Na kira Yaya, na buɗe hoton wani bene mai hawa tara da za mu buga, na ce ya danna. Ya danna, ya juya zai nufi butar shayi kamar kullum.

Na ce, “Ina za ka?”

“Shayi mana.”

“Ai ya gama.”

Ya dawo ya leƙa allo. Ya ce, “Injiniya, ya dai mutu. Kin ƙona mini kati.”

Na buɗe masa fayil ɗin da ya fito. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ƙirga tagogin benen da yatsa don ya tabbata ba a rage hawa ba. Sai ya sake dannawa. Sandar ba ta ma samu damar bayyana ba, ƙyalli kawai ta yi. Ya sake. Ya sake. A karo na biyar ya fashe da wata dariya mai ƙara da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ya ƙwala wa Kawu kira.

Kawu ya zo da agogon hannunsa, ya ce shi ba ya yarda da abin da bai auna ba. Ya ce, “In na ce ɗaya, ka danna. Ɗa...” Yaya ya danna, aiki ya ƙare, Kawu bai rufe baki ba. Ya ce an yi masa maguɗi, a sake. Aka sake sau bakwai. Daga ƙarshe ya ajiye agogon a tebur ya ce ai wannan raini ne ga mai agogo.

Wallahi abin ya hau mana kai. Muka juya duk hoton da ke cikin kwamfutar nan, har da na shekara goma da suka wuce waɗanda masu su sun manta da su. Muka juya hoton wata akuya sau arba’in, don kawai mu ga ƙyallin. Ni ina zagaye teburin yanka ina tafi, Yaya yana kiɗa da rula a kan gwangwanin tawada. Wani mai aiki ya leƙo, ya ga halin da muke ciki, ya ce zai dawo an jima. Ruwan shayin da Yaya ya ɗora tun safe ya ƙafe a buta, ba wanda ya tuna da shi sai da ƙauri ya tashi.

Da yamma na ɗan nutsu na duba aikin da kyau, sai na ga inuwar ƙarƙashin baranda ta dunƙule baƙi ƙirin, farin bango kuma ya wanke. Na kwatanta lambobi, na gano laifina. Katin daga tsakiyar kowane gida yake karanta amsa, ni kuma na ba shi awo daga bakin gida, sai komai ya goce da rabin gida. Layi biyu na gyara. Na sake kwatanta lambobina da na kamfanin da ya ƙera injin, suka yi daidai har ba a ganin tazara. Daga nan na ɗauka babu abin da zai fi ƙarfin lambobi, kaina ya kumbura sosai.

Lokacin da nake zuba matakan tsohon tsari a jadawalin, na ci karo da wani ƙaramin fayil a tsakiya mai suna “gyara na ƙarshe 3”. Ba bayani, ba sunan kamfani, kwanan watansa ma ya girme karatuna na firamare. Na ce wannan tarkacen wani tsohon gwaji ne da aka manta. Na cire shi ina jin daɗin tsaftar da na yi.

A shagonmu hoto ɗaya ake gwada komai da shi, sabuwar tawada ce, sabuwar takarda ce, ko an gyara inji. Hoton Mama ne. Baba ya ɗauke shi shekara ashirin da shida da suka wuce. Tana zaune gaban farin labule da jan ɗankwali, tana riƙe da kati mai ruwan toka a ƙirjinta, tana hararar mai ɗaukar hoto. Ina cikin hoton ni ma, sai dai ba a ganina, saura wata biyu a haife ni. Na gan shi sau dubbai har na daina ganin mutum a ciki. Kati nake gani, da labule, da ɗankwali.

Alhamis da safe na buga shi ta sabuwar hanya. Na ɗora na’urar auna launi a kan katin tokar, ta ba ni lamba mai kyau, har ta fi ta bugun Baba da ke maƙale a bango. Na kai masa ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ba.

Ya sa a akwatin haske, ya karkata kai. Bai daɗe ba. Ya zaro takardar ya miƙo mini.

“Sauri kam akwai,” in ji shi.

“Baba, biron fa?”

“Ki duba.”

“Na duba. Tokata ta fi taka daidai, ga na’ura nan ka auna da kanka. Farin ya fita, jan ya fita. Me ya rage?”

“Ki duba, Auta.”

Haushi ya kama ni. Na koma tebur na auna labule, na auna ɗankwali, na auna kusurwa huɗu. Duk lafiya. Na ce wa Yaya a hankali, “Yanar idon ce ke ba shi matsala, ko kuma ba ya son sakin biron ne kawai.” Yaya ya ce shi dai a mayar masa da katinsa in an gama rigimar.

Ana cikin haka Mama ta shigo, ta zo tafiya da Baba asibiti a auna masa jini kafin aikin idon. Tana jiran ya nemo hularsa, sai idonta ya faɗa kan teburina, inda na jera nawa da na Baba gefe da gefe. Ta ɗaga na Baba ta ce, “Wannan ni ce.” Ta ɗaga nawa, ta nisanta shi da fuskarta, ta ce, “Wannan baiwar Allah kuma wace ce? Me ke damunta? A kai ta asibitin ita ma mana, tunda za mu.”

Kawu ya shige bayan injin yanka yana shessheƙar dariya.

Na karɓi takardar na duba fuskar, karo na farko a cikin shekaru. Mama baƙa ce mai sheƙi, akwai wani ja-ja a ƙarƙashin fatarta, musamman a kumatu da goshi. A nawa bugun duk wannan ya tafi. Fatar ta yi fari-fari da shuɗi-shuɗi, kamar an shafa mata toka. Kati ya fito daidai, matar da ke riƙe da shi ta fito mara lafiya.

Mama ta ce, “Haka injin nan ya fara fitar da ni lokacin da aka kawo shi. Babanki ya ce bai yarda ba. Wata uku fuskata tana shanye a igiya daga wannan bango zuwa wancan, ya fi sau ɗari biyu yana bugawa. Duk wanda ya shigo sai ya gaishe ni sau goma.”

Nan take na tuna da fayil ɗin nan da na cire. Na ce, “Baba, ‘gyara na ƙarshe 3’...”

Yana gyara zaman hularsa ya ce, “Lissafin kamfani da fatar wasu mutanen aka gwada shi. In ya zo kan tamu sai ya janye ja daga duhu. Mutanen da ke shigowa ƙofar nan kuwa irin fuskar mamanki gare su. Ina kika kai shi?”

“Na cire.”

“To,” ya ce, suka fita.

Kunya ta rufe ni, amma ba ta kai minti biyar ba, domin na tuna wani abu da ya sa na miƙe tsaye. Jadawalin bai damu da yawan matakan da aka zuba masa ba. Ko mataki uku ne ko talatin, sau ɗaya ake lissafa su, katin girafik kuma leƙawa kawai yake yi. Gyaran Baba zai shiga ciki kyauta, ba zai ƙara ko ƙiftawa ba. Na tono fayil ɗin daga kwandon shara na kwamfuta ina yi masa sannu da zuwa, na mayar da shi gurbinsa.

Jan ya dawo. Sai dai a kumatun Mama launin ya riƙa hawa mataki-mataki, ba sumul ba. Gyaran Baba a wani ɗan lungu yake zaune, can cikin launukan ƙasa masu duhu, kuma gida biyu ko uku kacal jadawalina ya ba wannan lungun. Na faɗaɗa shi zuwa gida sittin da biyar. Yaya ya tsaya da agogon Kawu, ya ce yanzu kam za a ga jinkiri. Aka danna, rabin daƙiƙa. Ya ce a ba shi kujera.

Ranar Juma’a na yi gwaji talatin da ɗaya kafin la’asar, ina buga kumatu da goshi kawai a ƙananan yanka. Kawu yana yankawa yana jerawa, teburin ya cika da kumatun Mama. Na ajiye na’urar auna launi a aljihun tebur, na riƙa duba da ido, ina karkata kai ban ma sani ba sai da Yaya ya kwaikwaye ni.

Asabar da azahar Yaya ya buga biyu, ɗaya ta tsohuwar hanya mai minti goma sha ɗaya, har ya samu ya sha shayinsa, ɗaya ta tawa. Ya yi musu alama da fensir a baya, ya juya mana baya ya cuɗa su. Mama ta zo musamman, ta ce ba za a yi shari’ar fuskarta ba ta nan.

Baba ya sa su a akwatin haske. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya taɓa ta hagun ya ce, “Wannan nawa ne. Dubi goshin.”

Yaya ya juya ta. Alamata ce.

Ihun da na yi, mai shagon taya da ke maƙwabtaka ya leƙo. Baba ya ɗaga hannu ya ce a sake cuɗawa. Aka sake. Wannan karon ya daɗe sosai, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa takarda. Can ya miƙe ya ce, “Ban sani ba.”

Tunda nake ban taɓa jin wannan maganar daga bakinsa a gaban akwatin nan ba. Kawu ya ce a rubuta kwanan wata a bango. Yaya ya ɗaga ni sama kamar ina ’yar shekara shida, Mama tana cewa ya sauke ni kafin mu fasa akwatin haske, ita ma tana dariya har da hawaye.

Baba ya ce, “Ina maɓallin nan da kuke ta dannawa?” Na nuna masa. Ya danna da yatsa ɗaya a hankali, ƙyalli ya wuce. Ya dube ni. Ya sake dannawa. Ya yi sau shida, kafaɗunsa suna rawa da dariyar da yake ƙoƙarin dannewa.

Sai ya zauna a kujerata, ya zaro koren biron daga aljihun gaba, amma bai miƙo ba tukuna. Ya ce, “Wannan gyaran nawa, yana cikin katin yayanki duka? Ba abin da ya ragu?”

“Duka, Baba.”

“Likita ya ce in an cire yanar, komai zai koma mini shuɗi-shuɗi. Wai idon da na yi aiki da shi shekarun nan ya daɗe yana komawa rawaya a hankali, ban sani ba.” Ya dubi hoton da ke akwati, ya dubi Mama da ke tsaye bakin ƙofa tana gyara mayafi. “Ban san da wane launi zan gan ta ba ranar Talata.”

Na daina dariya. Sai a lokacin na gane tsoro yake ji, kuma tun Litinin yake ji.

Ya kama hannuna ya sa biron a ciki, ya rufe yatsuna a kansa. Ya ce, “Ranar da aka kwance mini bandeji, wannan hoton za ki fara nuna mini. In na ce ya yi shuɗi, in ce a ƙara ja, kada ki yarda da ni. Ko na yi faɗa, Auta. Kin ji?”

Na ce na ji. Na juya bayan takardar, na sa hannu kusa da alamar fensirin Yaya, sa hannun ya fito a karkace. Baba ya leƙa ya ce ya fi kyanwar kyau.